Akwati mai makulli uku: daga Manchesta zuwa Rochdale

Daga tashar jirgin ƙasa ta Victoria a Manchesta, tafiyar minti goma ce a ƙasa zuwa wani fili mai ciyawa da ake kira Angel Meadow. Nan na fara, da sanyin safiya, ana yayyafin nan nasu mai naci. Yau wurin shan iska ne, ma'aikatan ofis na zuwa su ci abincin rana a kan benci. A ƙarƙashin ciyawar kuwa akwai gawa kusan 40,000 ta matalautan da aka binne tsakanin 1788 da 1816, a manyan ramuka, wani bisa wani, ba suna ba alama. Idan ka ɗaga kai, abin da ke gabanka katafaren ginin gilashi ne, hedikwatar ƙungiyar gama-kai ta Co-op da aka buɗe a 2013. Tsakanin ramukan da ginin bai fi jifa ba.

Kafin a yi nisa sai an gyara maganar kuɗi, don duk labarin, na ƙungiyoyin taimakon juna da ma'aikata suka kafa wa kansu, lissafi ne. Sa'ar da muka ci ita ce kuɗin da Ingila ke kashewa a lokacin su ne iyayenmu suka kashe har zuwa 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, wato fam kwabo 240 ke nan. Taro kwabo uku, sisi kwabo shida, nai kwabo tara. Mai saƙar hannu da ke samun fiye da sule 20 a mako wajen 1800, kafin 1830 ta wuce ya dawo wajen sule shida, saboda injin saƙa ya karya farashin aikinsa. Mutanen Manchesta kuma sun tashi daga kimanin 75,000 a 1801 zuwa fiye da 300,000 a 1851, yawancinsu baƙi daga ƙauyuka da Ailan, sun baro dangi da gona a baya. Rahoton Edwin Chadwick na 1842 ya nuna cewa a gidajen leburorin garin matsakaicin shekarun mutuwa 17 ne, alhali a karkarar Rutland 38 ne. Mutuwar jarirai ce ta ja adadin ƙasa haka.

Ma'aikacin masaƙa ranar da bai je aiki ba, ba shi da ko anini. In ciwo ya kwantar da shi mako uku, kayan ɗaki sun tafi gidan jingina. Abin da ya rage shi ne taimakon hukuma, kuma dokar matalauta ta 1834 ta mai da shi abin gudu da gangan: a kai mutum gidan gajiyayyu, a raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya, a sa su aikin fasa dutse ko tsefe tsohuwar igiya. Shekara biyu kafin nan, a 1832, an yi dokar da ta ba makarantun likitanci damar karɓar gawar da ba wanda ya zo nema, su feɗe ta don koyarwa. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ganin matar da ba ta da kuɗin shayi tana ware kwabo ɗaya duk mako don jana'iza ba.

Na bi gefen hanyar ruwan Rochdale, wadda aka haƙa don jiragen dako aka gama a 1804, na ratsa Ancoats inda masaƙun Murray suke tun 1798. Jan bulo hawa bakwai zuwa takwas, yanzu duk an mai da su gidajen haya masu tsada. Ba abin tsayawa sosai, sai na juya zuwa gidan tarihin jama'a da ke bakin kogin Irwell, cikin tsohon gidan famfo. Suna da tarin tutocin ƙungiyoyin ƙwadago, har da ta maƙeran gwangwani na Libaful ta 1821, da ɗamarori da lambobin da 'yan ƙungiya ke ratayawa ranar biki. Amma abin da ya fi su daraja a idona bai da ado ko kaɗan: akwatin ƙungiyar taimakon juna, inda ma'aikata ke zubi don ranar ciwo da jana'iza.

Akwati ne na katako mai ƙarfi, galibi da makulli uku daban-daban. Ɗaya a hannun mai mashayar da ake taro a cikinta, biyu a hannun wakilai biyu da ake sauyawa duk wata uku ko shida. Sai ukun sun haɗu ake buɗewa, a gaban jama'a. Ciki akwai kuɗi, da littafin zubi, da littafin dokoki. Tun 1793 majalisa ta yi dokar George Rose da ta amince da irin waɗannan ƙungiyoyi, ta ba su damar kai ƙarar ma'ajin da ya ci amana. Ƙidayar 1803 ta samu ƙungiyoyi fiye da 9,600 masu mambobi fiye da 700,000, kuma Lankasha, yankin Manchesta da kewaye, inda masaƙu suka fi yawa, tana kan gaba.

Wanda ya saba da adashi zai ɗauka abu ɗaya ne, amma da bambanci babba. A adashi kowa zai kwashi abin da ya zuba idan layi ya zo kansa. A nan mai lafiya yana iya zubi shekara talatin bai ɗauki ko sisi ba, kuɗinsa su tafi ga maƙwabcin da tarin fuka ya kama. Ga yadda tsarin yake a yawancinsu. Mutum ba ya shiga sai mamba biyu sun tsaya masa, kuma shekarunsa ba su wuce 35 ko 40 ba. Ya biya kuɗin shiga, sannan zubin kwabo huɗu zuwa sisi a mako, ana tarawa a kai ranar taron wata. Sai ya yi wata shida ko shekara yana zubi kafin ya cancanci karɓar komai, don kada wanda ya riga ya ji ciwo a jikinsa ya lallaɓo ya shiga. In ya kwanta, ana ba shi sule takwas zuwa goma a mako na wata shida, daga nan a rage zuwa rabi. In ya mutu, fam goma ga iyalinsa, in matarsa ce ta mutu, fam biyar. Da yawa kuma sukan ɗauki likita a kan ƙa'ida, su biya shi wajen sule uku zuwa biyar a shekara kan kowane mamba, ya duba su ya ba da magani.

Dokokin hana zamba ne suka fi yawa a littafin, kuma da ka karanta ka san waɗanda suka rubuta su sun san halin juna. Mai karɓar kuɗin ciwo ba ya taɓa aiki, ko da gyaran lambunsa ne. Ba ya shiga mashaya, ba ya caca, ba ya kai dare a waje. Akwai mai duba marasa lafiya da ke zuwa gida duk mako, ya kawo kuɗin, ya kuma ga da idonsa ko mutumin kwance yake. Ciwon da aka samo wajen dambe, ko maye, ko neman mata, ba a biya. Wanda ya yi wata uku bai zuba ba an dakatar da haƙƙinsa, in ya ƙara a kore shi, duk abin da ya zuba ya bi ruwa. Akwai tara kan zagi a wurin taro, kan zuwa a buge, kan ƙin raka gawar ɗan ƙungiya. Masu sana'ar da ke cin rai, irin mahaƙa kwal da masu fenti da gubar dalma ke kamawa, ƙungiyoyi da yawa ba sa karɓarsu sam.

Sai kuɗin ɗakin taro. Mai mashaya ba ya karɓar haya, sharaɗinsa kowane mamba ya sayi giyar kwabo biyu ko taro a daren taro, ko ya zo ko bai zo ba. Malaman coci da masu kuɗi sun yi ta sukar wannan da bikin shekara da ake yi da ganguna da tutoci da cin nama, suna cewa ɓarna ce. Suna da gaskiya ta wani gefe, amma ƙungiyoyin da manya suka kafa wa talakawa ba giya ba biki, ba su cika samun jama'a ba. Masu ƙin giya sai suka kafa tasu. Daga tagar gidan tarihin ana hango Salford a tsallaken kogi, can aka kafa ƙungiyar Rechabites a 1835, wadda sharaɗin shigarta barin giya ne.

Yanzu ga abin da ya kashe dubban akwatuna, kuma ba sata ba ce, ko da yake an yi satar. Shekaru ne. A ɗauki misali: samari ɗari sun kafa ƙungiya, kowa na zuba sisi a mako. Sule 50 ke nan a mako, fam 130 a shekara. Mai shekara ashirin da wani abu, in aka raba, bai cika kwanciya mako guda a shekara ba. Mako ɗari sau sule goma, fam 50. A sa mutuwa biyu, fam 20, likita fam 20. An yi rarar fam 40. Sai kowa ya ga akwati ya cika, a ce a ƙara kuɗin ciwo, ko a raba rarar lokacin Kirsimeti, ko a faɗaɗa biki. Bayan shekara 35 mutanen nan sun haura sittin, kowa na kwanciya fiye da mako huɗu a shekara. Mako ɗari huɗu, fam 200, alhali abin da ke shigowa bai wuce 130 ɗin nan ba. Rarar da aka cinye tun farko ashe ba rara ba ce, kuɗin tsufa ne. Saurayin da ya leƙo ya ga dattawa sun yi yawa ba zai shiga ba, zai je ya kafa sabuwa da tsararrakinsa a mashayar gaba, ya sake tafka kuskuren. Tsofaffin kuwa wata rana a rufe akwati, a raba ɗan abin da ya rage, mutumin da ya yi zubi shekara arba'in ya ƙare a gidan gajiyayyun da ya yi ta gudu.

Manyan ƙungiyoyi masu rassa ne suka fara maganin abin. Oddfellows ta Manchesta ta tsaya da ƙafarta a 1810, Foresters kuma a Rochdale aka kafa ta a 1834. Kowane reshe na riƙe da kuɗin ciwonsa, amma kuɗin jana'iza gunduma ke haɗawa, don mutuwa biyar a reshe ɗaya kada ta durƙusar da shi. Mamba in ya ƙaura yana iya mai da sunansa wani reshe ba tare da ya yi asarar shekarunsa ba. In aiki ya ƙare masa a ba shi katin tafiya, duk garin da ya sauka reshe ya ba shi makwanci da ɗan guziri. Kalmomin sirri da salon musafaha da mutane ke yi wa dariya a yau, aikinsu ke nan: a zamanin da ba hoto ba waya, da su ake gane ɗan ƙungiya daga ɗan damfara, shi ya sa ake sauya kalmar lokaci-lokaci. Rantsuwar shiga kuwa sai da suka sassauta ta bayan 1834, shekarar da aka yanke wa leburorin gona shida na ƙauyen Tolpuddle hukuncin kora zuwa Ostareliya na shekara bakwai saboda rantsuwar ƙungiya. Hukuma na zargin akwatin ciwo yana iya zama akwatin yajin aiki, kuma ba ƙarya ta yi ba, musamman tsakanin 1799 da 1824 da aka haramta ƙungiyoyin ƙwadago.

Wanda ya fi yi musu aiki ba mai wa'azi ba ne, magatakarda ne. Henry Ratcliffe, sakataren Oddfellows, ya tattara bayanan ciwo da mutuwa daga rassa, ya fitar da jadawali a 1850 mai nuna makonnin ciwo a kowane rukunin shekaru da kowace sana'a. Daga nan aka koma zubi gwargwadon shekarun shiga: wanda ya shiga yana da 35 ya fi mai 20 biya. An sha rigima, rassa sun ɓalle, don mutane na ganin bambanta zubi ya saɓa wa zumunci. Dokar 1875, bayan binciken hukumar da ta zauna daga 1871 zuwa 1874, ta wajabta wa ƙungiya mai rajista ta miƙa lissafi duk shekara, a kuma auna dukiyarta da alkawuranta duk shekara biyar.

Waɗanda ba su da ƙarfin sisi a mako, wato mafi yawan mutanen Angel Meadow, sai suka faɗa hannun masu bi gida-gida karɓar kwabon jana'iza. Ƙungiyoyin jana'iza irin su Liverpool Victoria ta 1843 da Royal Liver ta 1850 haka suka girma. A suna na mambobi ne, amma ba taro ba sanin juna, kuma kuɗin masu karɓa da na ofis yakan cinye kashi 40 cikin 100 na zubin a wasunsu. Wanda ya yi fashin 'yan makonni ya rasa komai. Har tsoro ya shiga cewa ana sakaci da jarirai don kuɗin, doka ta ƙayyade fam shida ga yaron da bai kai biyar ba, fam goma ga wanda bai kai goma ba.

Kashegari na hau jirgin Rochdale daga Victoria. Kilomita 16 ne, ƙasa da minti 20. Akwai taragon lantarki da ke bi ta Oldham, amma yana cin kusan awa guda. Daga tasha aka gangara cikin gari, a wuce babban ɗakin taron gari na 1871 mai kama da majami'a, a tsallake kogin Roch, a hau ɗan tudu zuwa Toad Lane. Titin ya kusa ƙarewa, an rushe mafi yawansa, sai guntun da ke da gida mai lamba 31: bene hawa uku na jan bulo, ƙofa a tsakiya, taga biyu a gefe. Nan ne ƙungiyar gama-kai ta Rochdale ta buɗe kantinta na farko. Tun 1931 gidan tarihi ne.

Ɗakin ƙasa ƙarami ne ƙwarai. An shirya shi yadda yake a daren 21 ga Disamba 1844: katako a kan ganguna a matsayin kanta, sikeli, benci, teburin mai karɓar kuɗi. Mutum 28 ake lissafawa a matsayin waɗanda suka kafa ƙungiyar, da yawansu masu saƙar yadin ulu, wasu mabiya Robert Owen mai kiran gama-kai, wasu 'yan gwagwarmayar neman ƙuri'a. Sun yi ta zuba kwabo biyu a mako, daga baya taro, har jarin ya kai fam 28. Haya fam goma a shekara. Bayan gyara, kayan da suka iya sarowa na fam 16 da sule 11 da kwabo 11 ne: bota, sukari laba 56, fulawa laba 672, buhu ɗaya na garin hatsin da suke kunu da shi, da kyandir 24. Kamfanin gas ya ƙi ba su wuta, kyandir ɗin nan da shi suka ga gabansu. Dare biyu a mako kawai ake buɗewa da farko. Samuel Ashworth, ɗan shekara 19, shi ne mai awo, William Cooper mai kuɗi. Bayan wata uku aka ƙara ganyen shayi da taba.

Abin da ya kai su ga buɗe kanti shi ne algus da bashi. 'Yan tireda na zuba alli da alif a fulawa don ta yi fari, a haɗa ganyen shayi da wanda aka riga aka dafa aka shanya, a tauye awo. Ma'aikaci ya sani, amma ba shi da bakin magana, don sunansa na cikin littafin bashin mai kantin. Ƙungiyar ta yi rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin taimakon juna, kuma tsarin dokokinta daga na wata ƙungiyar ciwo da jana'iza ta Manchesta aka kwaikwayo shi. Wato kantin ɗan akwatin nan ne mai makulli uku.

Ba su ne farkon masu gwada kantin gama-kai ba. A wannan titin ma, a lamba 15, an buɗe ɗaya a 1833, ya mutu cikin shekara biyu saboda ba da bashi. Don haka dokar farko: kuɗi hannu, a saye da sayarwa, kuma ma'aikacin da ya ba da bashi a ci shi tara. Bashi hanji ne, amma a ƙungiya ya fi muni, don mai bin bashin da wanda ake bi maƙwabta ne, ba mai iya matsa wa wani. Ta biyu: a sayar a farashin kasuwa, kada a karya. In ka karya farashi ka jawo yaƙi da 'yan kasuwar da suka fi ka jari, kuma kuskure kaɗan a lissafi ya cinye uwar kuɗi. Ta uku, wadda ake danganta wa Charles Howarth, ɗaya daga cikin masu kafawa, ita ce ta riƙe ginin: riba ta koma ga mai saye gwargwadon sayayyarsa.

Ga yadda ake yi. Duk wata uku a rufe littafi a ƙirga kaya. A cire kuɗin gudanarwa, a cire na tsufan kayan aiki, a biya ƙayyadadden kaso a kan jarin mambobi, wanda ba ya ƙaruwa ko an yi riba mai yawa. Daga baya suka ƙara cire kashi biyu da rabi cikin 100 don ilimi. Abin da ya rage a raba shi da jimillar cinikin, a ga nawa ya faɗo kan kowane fam. Misali in ya faɗo sule ɗaya da sisi, matar da ta yi sayayyar fam biyar ta samu sule bakwai da sisi. Don sanin sayayyar kowa, ana ba mai saye 'yan ƙarafa masu tambarin adadin kuɗin da ya kashe, ya tara su a gida ya kawo ƙarshen zango. Gidan tarihin na da su tuli. Sabon mamba ba ya ɗaukar ribarsa sai ta taru ta cika masa hannun jarin da aka wajabta, fam huɗu da farko. Ta haka mutumin da bai taɓa ajiye ko fataka ba ya wayi gari da ajiya, kantin kuma ya samu jari ba tare da ya je banki ba. A wurin taro kuwa ƙuri'a ɗaya ce ga kowa, mai fam ɗaya da mai fam hamsin. Mace ma tana shiga da sunanta, Eliza Brierley ta shiga a 1846, lokacin da doka ke ɗaukar dukiyar matar aure a matsayin ta miji.

A ƙarshen 1845 mambobi 74 ne, cinikin shekara fam 710. Abin da ya ɗaga su masifar wasu ce: a 1849 bankin ajiya na garin ya rushe bayan an gano mai riƙe da littattafansa ya yi shekaru yana ɗiba, fiye da fam 70,000. Jama'a suka kwaso ɗan abin da ya tsira zuwa inda za su iya duba littafi da kansu. Mambobi suka kai 390 a 1849, 600 a 1850, 3,450 a 1860 da cinikin fiye da fam 150,000. Suka karɓe benen sama suka yi ɗakin karatu da na jaridu. A 1863 kantunan arewa suka haɗu suka kafa ƙungiyar sari a Manchesta, kakar wancan ginin gilashi. Tsarin ya zagaya duniya, har ya iso Najeriya ta hannun Turawan mulki da dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1935, ko da yake wannan daga ofis ta sauko, ba daga ɗakin masaƙa ba.

Gidan tarihin ya fi son labarin nasara, amma tuntuɓen ya fi koyarwa. Injin niƙa da suka kafa a 1850 ya kusa jan kantin ƙasa, saboda ƙarancin jari da rashin gwanin sayen alkama. Da fulawar ta fito ba alif, launinta ya yi ɗan rawaya, sai matan mambobi suka ƙi ta, sai da aka yi ta bayani. Masaƙar gama-kai da suka kafa a 1854 tana ba ma'aikata kaso cikin riba. Da ta yi albarka, sababbin masu hannun jari suka cika ta, a 1862, ana tsakiyar yunwar audugar da yaƙin basasar Amurka ya jawo, suka kaɗa ƙuri'a suka soke kason ma'aikatan. Masu ƙuri'ar nan yawancinsu ma'aikata ne a wasu masaƙun. Sannan dokar kuɗi hannu, duk da ita ta ceci kantin, ita ce ta rufe ƙofa ga wanda ya fi kowa bukata. Leburan da ke samun aiki yau ya rasa gobe dole ya koma wurin mai littafin bashi. Haka ma akwatin ciwo, na mai albashi tsayayye ne.

Wannan giɓin ne ya shigo da gwamnati. Dokar inshora ta ministan kuɗi Lloyd George ta 1911 ta wajabta zubi: ma'aikaci kwabo huɗu, mace taro, mai ba da aiki taro, gwamnati kwabo biyu. Aka yi ta tallar nai a kan kwabo huɗu. Sule goma a mako na mako 26 ga namiji, da likita, amma ban da matarsa da 'ya'yansa. Ƙungiyoyin ne aka ba aikin rabon, tare da kamfanonin inshora da suka kutsa da rundunar masu bi gida-gida, daga nan taron wata ya fara zama cike takardu. A garin Tredegar na Wales mahaƙa kwal da maƙeran ƙarfe sun riga sun wuce nan tun 1890: ana cire kwabo biyu, daga baya taro, cikin kowane fam na albashi, likitocin ƙungiya na duba kusan duk mutanen garin har da iyali. A garin aka haifi Aneurin Bevan, ministan da ya ƙaddamar da kiwon lafiya kyauta ranar 5 ga Yuli 1948 a asibitin Park da ke Davyhulme, gefen Manchesta. Daga ranar gwamnati ta karɓe aikin daga hannun ƙungiyoyin. Oddfellows da Foresters suna nan har yau, sun koma harkar ajiya da zumunci.

Da la'asar na koma tasha ta unguwar Milkstone da Deeplish, inda jikokin 'yan Pakistan da Kashmir da suka zo aikin dare a masaƙu wajen 1960 suke zaune. Masallatai da gidajen abincin halal sun wadata a nan, matafiyi ba zai sha wahalar salla ko abinci ba. Asibiti kyauta ne a ƙasar, amma kabari da tsada, kai gawa gida kuma ya fi tsada. Don haka al'ummar na da abin da suke kira kwamitin mutuwa: magidanta su yi rajista, a yi zubin shekara ko a yi karo-karo duk lokacin da aka yi rashi, kwamiti ya ɗauki nauyin wanka da makara da kabari ko kuɗin jirgi. Yawancinsu na da wa'adin jira kafin sabon shiga ya cancanta, wanda ya manyanta kuma kuɗin shigarsa ya fi na yaro, wanda ya daina zubi a cire sunansa. Jirgin Manchesta ya iso ana kiran magariba.